Wa Ke Da Ikon Tsayar Da Mota A Kan Titin Kaduna?

Duk wanda ya saba ɗauko kaya daga ƙauye zuwa Kaduna ya san Kawo. Nan ne ƙofar garin ta arewa. Motocin Zariya da na Kano ta nan suke shigowa. Na Saminaka su haɗu da su a Maraban Jos, su wuce Rigacikun, su ma su faɗo Kawo. Motocin Birnin Gwari kuwa ta Mando suke ɓullowa. Daga nan mai tumatir ya nufi Bakin Dogo, mai hatsi ya nufi inda zai sauke, mai sayayya ya bi titin Ali Akilu da titin Ahmadu Bello zuwa kasuwar Sheikh Abubakar Gumi.

A wannan 'yar tafiya ana ɗaga wa mota hannu sau da yawa. Masu ɗaga hannun ba iri ɗaya ba ne. Wani da baƙin kaki, wani da riga ruwan goro, wani da 'yar shara mai ƙyalli, wani ma ba kaki sai sanda da littafin rasit. Mutumin ƙauye yakan ɗauka duk hukuma ce. Da an ce masa tsaya sai gabansa ya faɗi, ya fara laluben aljihu. Tumatir kuma ba ya jiran kowa. Idan aka riƙe mota tun safe har azahar, kayan sun fara ruwa, kasuwa ta watse, wahalar rani guda ta tafi a banza. Wannan tsoron ne mazambata suke ci da shi.

Saboda haka ya kamata direba da mai kaya da ɗan acaɓa su san waɗanda doka ta ba ikon tsayar da su. Su san wanda ya naɗa su, su kuma san yadda ake gane na gaskiya.

Kaki ba shi ne iko ba

Tela yana iya ɗinka wa kowa kaki. Abin da ke ba ma'aikaci iko shi ne doka. Sai majalisa ta yi doka ta kafa hukuma, dokar ta faɗi aikin hukumar da iyakarta. Sannan hukumar ta ɗauki mutum, ta horar da shi, ta ba shi takardar kama aiki da lamba da katin shaida. Wanda bai bi ta wannan hanya ba, ko ya sa kaki mai tauraro goma, ba ma'aikaci ba ne.

Ga misalin da zai nuna ƙarfin wannan magana. A watan Oktoba na 1924 babu wanda ya san za a yi haka, amma shekara ɗari bayan nan, a watan Oktoba na 2024, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci a kan ma'aikatan duba lafiyar motoci na Abuja, waɗanda ake kira 'yan Bi Ai O. Kotun ta ce babu dokar da ta ba su ikon tsayar da mota a hanya, ko kama ta, ko cin mai ita tara. Ma'aikatan gwamnati ne na gaskiya, da kakinsu da albashinsu. Amma da aka duba doka ba a ga ikon ba, sai kotu ta taka musu burki. Wannan shari'a ta Abuja ce, ba ta Kaduna ba. Abin lura a cikinta shi ne ko ma'aikacin gwamnati ba ya wuce abin da doka ta rubuta masa.

'Yan sanda da 'yan yalo fiba

'Yan sanda su ne mafi daɗewa a kan titi. A 1930 aka haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Nijeriya. Dattawa za su tuna cewa a da akwai 'yan doka na En'e, waɗanda ke ƙarƙashin sarakuna. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta haɗe su da 'yan sandan tarayya. Tun daga lokacin ɗan sanda na gwamnatin tarayya ne, ko a Kaduna yake aiki ko a Legas.

Shugaban ƙasa ne ke naɗa Sufeto Janar. Ɗaukar sauran 'yan sanda da yi musu ƙarin girma da ladabtar da su kuwa yana hannun Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Wanda aka ɗauka sai ya je horo. Ɗaya daga cikin makarantun horon tana nan cikin garin Kaduna, a kan titin Indifenda. Hedikwatar 'yan sandan jiha tana titin Bida.

Ɗan sanda yana da suna a ƙirjin rigarsa, yana da lambar aiki, yana da ofishin da ya fito. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, ta yi bayani a fili. Ta ce kafin ɗan sanda ya binciki mutum ko motarsa, sai ya faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema da dalilinsa. Ta kuma ce lalle ya kasance cikin kaki, ko kuma yana rataye da katin shaidarsa inda kowa zai gani. To, wanda ya tambayi ɗan sanda sunansa cikin ladabi bai yi laifi ba. Abin da doka ta ce a faɗa masa ya tambaya.

Masu riga ruwan goro da ke tsayawa a mararraba da shataletale suna ba da hannu, su ne jama'a ke kira 'yan yalo fiba. An kafa su a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin fetur ya cika birane da motoci. Suna ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma ba sa riƙe bindiga. Aikinsu ba da hannu ne, da tsallakar da masu tafiya a ƙasa, da hana ajiye mota inda bai dace ba. Aiki ne na rana da ƙura da hayaƙi, kuma ba kowa ke gode musu ba. Amma duk wanda ya taɓa ganin mararraba ranar da danja ta mutu kuma babu mai ba da hannu, ya san amfaninsu.

'Yan Rod Sefti

Sunan hukumarsu Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce ta kafa ta a watan Fabrairu na 1988, saboda yawan rayukan da ake asara a kan hanya. Shugabanta na farko Farfesa Wole Soyinka ne, shahararren marubucin nan. Dokar da take aiki da ita an yi ta a 2007. Shugaban ƙasa ne ke naɗa babban kwamandanta. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Shehu Mohammed a wannan muƙami. Ofishin shiyyar da ke kula da jihohin Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa a garin Kaduna yake. Akwai kuma ƙananan ofisoshi a wurare kamar Zariya da Saminaka da Birnin Gwari da Kafancan.

Gane su ba wuya. Rigarsu ƙasa-ƙasa ce mai haske, wandonsu baƙi, suna a ƙirji. Motocinsu shuɗaye ne da ratsin fari, da sunan hukumar a jiki. A tambarinsu akwai mujiya. Bahaushe ba ya son mujiya, amma dai ita ce tsuntsuwar da idonta ke buɗe lokacin da kowa ke barci. Su ma ba sa riƙe bindiga a wurin sintiri.

Suna duba lasin tuƙi da takardun mota da lafiyar taya da fitila da burki. Suna kama mai gudun wuce sa'a da mai lodin da ya wuce kima da mai waya yana tuƙi. Su ne kuma ke kwasar waɗanda suka yi haɗari zuwa asibiti. Lambar kiransu 122 ce, kuma kyauta ake kira. Ya kamata duk direba da yaron mota su haddace ta.

Akwai wani rukuni da ke rikita mutane. Wani lokaci za a ga mutum cikin kayan gida, ko da babbar riga ma, ya ɗora 'yar shara shuɗiya mai ƙyalli, yana tsaye tare da 'yan Rod Sefti. Waɗannan 'yan sa kai ne. Mutane ne masu sana'arsu, malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata, waɗanda hukumar ta tantance ta ba su katin shaida. Ba a biyan su albashi. Doka ta san da su. Sai dai tare da ma'aikatan hukumar suke fita, ko a wurin ba da hannu lokacin cunkoso. Mutum ɗaya tilo a lungu da shuɗiyar 'yar shara, ba motar hukuma, ba abokan aiki, yana neman kuɗi, abin tuhuma ne.

Kasteliya

Waɗannan su ne mutumin ƙauye ya fi cin karo da su a cikin gari, daga Kawo zuwa Unguwar Sarki, zuwa shataletalen Lugard Hall, har bakin babbar kasuwa. Su na gwamnatin jihar Kaduna ne. An yi dokar kafa hukumarsu a 2014, zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero. A watan Disamba na 2015 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya rushe ofishin Bi Ai O na jihar, bisa zargin cin hanci da rashin ɗa'a. A 2016 aka ɗauki matasa sama da 2,000 aka horar da su, suka fito kan titi. Da farko aikinsu ya haɗa da tsabtar muhalli. A 2017 aka sake dokar, aka bar musu aikin hanya, sunan ya koma KASTLEA. Bakin jama'a dai bai sake ba, har gobe Kasteliya ake cewa.

Ba Kaduna ce ta fara irin wannan ba. Legas ta kafa LASTMA a 2000. Kano ta kafa KAROTA a 2012. Kowace jiha da tata dokar, kuma ikon kowace hukuma yana tsayawa a iyakar jiharta. Ɗan KAROTA ba shi da ta cewa a Kawo, kamar yadda ɗan Kasteliya ba shi da ta cewa a Kwanar Dangora.

Gwamna ne ke naɗa shugaban hukumar, ita kuma ta ɗauki ma'aikatanta. Suna da kakinsu da katin shaidarsu da motoci masu sunan hukumar. Suna kula da danja da bin hannu da wurin ajiye mota da wurin sauke fasinja. A nan ne baƙo ya fi faɗawa. A ƙauye duk inda mutum ya ga inuwa nan zai tsaya. A Kaduna ba haka ba ne. Tun da aka sake gina gadar Kawo, wadda aka buɗe a 2022, aka kuma faɗaɗa wasu manyan tituna, hanyoyi da yawa sun sake fasali. Direban da ya daɗe bai shigo gari ba gara ya tambaya a tasha kafin ya kutsa kai. Bin hannun da ba naka ba laifi ne babba, kuma cewa ban sani ba ba ta fid da kowa.

Jama'a suna kuka da 'yan Kasteliya, kuma ba duka kukan ne na banza ba. Akwai masu zafin hannu, akwai masu neman na goro. Ita kanta hukumar ta sha korar waɗanda ta kama da irin wannan hali. A ɗaya gefen kuma akwai direbobin da ke zagin su, ko su yi kansu da mota. Yaran nan 'ya'yan talakawa ne, wasu ma daga ƙauyukan masu karatun nan suka fito.

Masu sojan gona

'Yan ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho suna da aikinsu a cikin tasha. Suna tsara layi, suna karɓar kuɗin ƙungiya daga 'ya'yanta. Amma su ba hukuma ba ne. Ba su da ikon tambayar lasin ko takardun mota, balle su kama ta. Haka 'yan sintiri na unguwa, aikinsu tsaro ne, ba duba inshora ba.

Sai masu gicciya katako mai ƙusa a hanya, da littafin rasit a hannu, suna cewa kuɗin ƙaramar hukuma ko kuɗin kayan gona. Tun a 1998 dokar tarayya ta hana tare hanya don karɓar haraji. A 2016 jihar Kaduna ta yi dokar da ta hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu, ta kuma mai da tara haraji hannun hukuma ɗaya.

Mai sojan gona yana da alamu. Ba suna a ƙirjinsa, ko kuma ya rufe shi da riga. Ba ya son wurin da jama'a suke. Yana son ya shiga motar mutum ya ce a ja gaba a yi magana. Idan aka ce a tafi ofis sai ya fara sassautowa, kuɗin da ya yanka ya riƙa raguwa kamar cinikin akuya da yamma. Shigar burtu da sunan ma'aikacin gwamnati laifi ne a dokar Final Kod, kuma ana ɗaure mutum a kansa.

Inda ake biyan tara

Wannan ita ce babbar hanyar rarrabe aikin gaskiya da na cuta. Tarar gwamnati ba a biyan ta a hannun wanda ya yi kamu. Idan ɗan Rod Sefti ya kama mutum, zai rubuta masa takardar laifi. A jikinta akwai irin laifin da ranar da wurin. Mai laifi ya je banki ya biya cikin asusun gwamnati, ya kawo shaidar biya ofis. Tarar Kasteliya ita ma asusun gwamnatin jiha take shiga, ba aljihun kowa ba.

Dokar Rod Sefti ta 2007 ta yanka wa kowane laifi kuɗinsa. Rashin ɗaura bel N2,000. Hawa babur ba hular kwano N2,000. Waya ana tuƙi N4,000. Tuƙi ba lasin N10,000. Lodin da ya wuce kima N10,000. Tuƙin ganganci N50,000. Akwai kuma wanda mutane da yawa ba su sani ba: ƙoƙarin ba ma'aikaci cin hanci shi ma laifi ne, tararsa N10,000. Wato wanda ya dunƙule kuɗi ya miƙa don a rufa asiri yana iya mai da laifinsa ɗaya ya zama biyu.

Wanda bai yarda ya yi laifi ba yana da damar zuwa gaban alƙali. Wani lokaci ma kotun tafi-da-gidanka tana zama a gefen hanya, da majistare, a yanke hukunci nan take. Amma kada mutum ya yar da takardar da aka ba shi. Ita ce hujjarsa. Wanda bai iya karatu sosai ba ya nemi wani ya karanta masa kafin ya bar wurin. Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci sun ga ɗaya daga cikin ranakun da karatu ke yi wa mutum rana.

Idan an ɗaga hannu

Direba ya rage gudu, ya sa sigina, ya gangara gefe. Gudu ba dabara ba ce. Sau da yawa garin tsere wa tarar N2,000 ake kaɗe mai talla ko ɗan makaranta. Ya yi sallama, ya dubi sunan da ke ƙirjin ma'aikacin ya riƙe shi a ka. Idan bai ga suna ba, yana iya cewa, "Ranka ya daɗe, daga wane ofis?" Ma'aikacin kirki zai amsa. Mai yiwuwa ya ce, "Baba, kawo lasin da takardu." Sai a miƙa masa.

Takardun da ake nema su ne lasin tuƙi, da takardar rajistar mota, da shaidar mallaka, da takardar lafiyar mota, da inshora. Babur ma yana da nasa lasin da lamba. Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasin. A nan akwai wani rami. Mutanen ƙauye da yawa sukan ba wani ɗan-tsakani kuɗi a bakin ofis ya yi musu takardu, ya kawo musu na jabu. Ba za su sani ba sai ranar da aka duba a na'ura. Lasin na gaskiya sai mai shi ya je da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Tun daga Fabrairu na 2025 'yan sanda suka ƙara matsa lamba a kan inshora, don haka ita ma a yanke ta a kamfanin da gwamnati ta sani.

Idan ma'aikaci ya ci zarafin mutum ko ya ƙwace masa kuɗi, faɗa a kan titi ba ya maido da komai. A riƙe sunansa da lambar motarsu da wurin da lokacin. A sami shaida cikin fasinjoji. A kai ƙara ofishin hukumarsa. 'Yan sanda suna da sashen karɓar koke-koke tun 2015. Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofis a Kaduna, kuma ba a biyan ko kwabo. Shugabannin ƙungiyar direbobi ko na manoma suna iya raka mutum, don murya goma ta fi ɗaya.

Mai son ɗansa ya shiga aikin

Iyaye da yawa suna sha'awar ganin ɗansu cikin kaki. Ba laifi. Amma a nan ma mazambata sun kafa tarko. Wani zai zo ƙauye ya ce yana da hanya a Abuja ko a gidan gwamnati, a kawo kuɗi ya samo gurbi. An sayar da saniya, an jinginar da gona, aka kawo takardar kama aiki mai tambari. Yaro ya je ofis aka ce ba a san da shi ba.

'Yan sanda da Rod Sefti suna shelar ɗaukar ma'aikata a rediyo da jaridu, ana kuma cike takardar nema ta intanet. Sun sha faɗa cewa ba a biyan kuɗi. Ana duba takardun makaranta da shekaru da tsawo da lafiyar jiki da takardar shaidar ƙaramar hukuma. A Rod Sefti ƙaramin mataki yana buƙatar takardar gama sakandare, na tsakiya difloma ko takardar malanta ta NCE, manyan jami'ai kuwa digiri ko babbar difloma. Bayan tantancewa sai horo na watanni a sansani. Sai an gama horon ake ba da lamba da katin shaida, a kuma faɗa wa mutum ofishin da zai fara aiki.